Ɓarawon da Ke Shigowa da Sallama: Kutsen Yaudara da Hanyoyin Tsare Kai

A ranar 15 ga Yulin 2020, shafukan Twitter na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk da kamfanin Apple suka wallafa saƙo kusan iri ɗaya: duk wanda ya tura kuɗin intanet na Bitcoin zuwa wani asusu, za a mayar masa da ninki biyu. Cikin 'yan sa'o'i mutane suka tura sama da dala 100,000. Da bincike ya kankama, sai aka gano cewa jagoran aikin yaro ne ɗan shekara 17 a birnin Tampa na jihar Florida. Waya aka riƙa buga wa ma'aikatan Twitter, waɗanda a lokacin suke aiki daga gida saboda annobar korona, ana ce musu daga sashen kula da kwamfutoci ake kira, ana so a warware musu matsalar shiga manhajar aiki. Aka tura su wani shafi da aka kwaikwayi na kamfanin, suka rubuta suna da kalmar sirri da hannunsu. Ta nan aka kai ga asusu 130.

Kamfanin da ke da injiniyoyi masu yawa da tsaro mai tsada, kiran waya ne ya kayar da shi. Wannan shi ne kutsen yaudara: maimakon mai kutse ya sha wahalar fasa na'ura, sai ya shawo kan wanda ke riƙe da mabuɗinta. Rahoton shekara-shekara na kamfanin Verizon na 2024 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na kutsen da ya bincika akwai hannun ɗan Adam a ciki, ko ta kuskure ko ta hanyar yaudara. Hukumar FBI ta Amurka kuma ta ce a 2023 kaɗai, damfarar da ake yi wa kamfanoni ta saƙon imel na bogi ta ci sama da dala biliyan 2.9, kuma wannan lissafin waɗanda suka kai ƙara ne kawai.

Sana'a ce tsohuwa

Intanet bai ƙirƙiro wannan sana'a ba, faɗaɗa mata kasuwa ya yi. Lambar 419 da duniya ta san Najeriya da ita, lambar sashe ce a kundin dokokin manyan laifuka, wanda ya yi magana kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar ƙarya, kuma tun zamanin wasiƙa da faks ake aikata laifin. Tsakanin 1995 da 1998, Emmanuel Nwude ya fito a matsayin gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya sayar wa wani babban jami'in bankin Noroeste na Brazil labarin kwangilar filin jirgin sama a Abuja, filin da babu shi, aka kwashe dala miliyan 242. A Amurka kuwa, Kevin Mitnick, wanda FBI ta kama a 1995 bayan dogon farauta, ya koma mai ba kamfanoni shawara kan tsaro bayan ya fito daga kurkuku, kuma abin da ya yi ta nanatawa har rasuwarsa a 2023 shi ne yawancin ƙofofin da ya shiga, ma'aikata ne suka buɗe masa bayan ya yi musu magana mai daɗi a waya.

Abin da ya sauya shi ne yawan mutanen da hannu zai iya kaiwa gare su. A Najeriya, tun da aka fito da BVN, lambar tantance masu asusun banki, a 2014, aka fara haɗa layukan waya da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, a ƙarshen 2020, sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya karɓar tiransifa, dukiyar talaka ta koma cikin wayarsa. Miliyoyin mutane sun shiga harkar banki ta waya ba tare da wani ya zaunar da su ya bayyana musu wace lamba ce ake bayarwa, wace ce ba a bayarwa ba.

Yadda ake ɗana tarkon

Aikin yakan bi matakai uku. Na farko tattara bayani. Ɗan damfara yana son sunanka cikakke, ranar haihuwarka, bankinka, wurin aikinka, sunan maigidanka a ofis. Wasu yana samunsu a Facebook, inda muke wallafa hoton katin aiki da takardar kama aiki da tikitin jirgi. Wasu daga takardun da aka cike aka watsar a shagon kwafi, ko rasit ɗin da aka bari a wurin mai POS, ko fom ɗin tallafi na bogi da mutum ya cike watanni da suka wuce har ya manta. Mataki na biyu shi ne ƙirƙiro dalilin tuntuɓarka da rigar da zai sanya: ma'aikacin banki, jami'in hukuma, abokin aiki, ɗan'uwa. Na uku shi ne ya hana ka lokacin tunani.

Ga yadda irin wannan kira kan kasance. Waya ta yi ƙara ana dab da la'asar, muryar mai ladabi ta yi sallama.

"Ranka ya daɗe, Alhaji, daga babban ofishin bankinku nake kira. An samu tangarɗa wajen haɗa BVN ɗinka da NIN, kuma idan ba a gyara kafin ƙarfe huɗu ba, na'ura za ta rufe asusun da kanta."

Sai ya karanto wa Alhaji ranar haihuwarsa da lambobi huɗu na ƙarshen katinsa, duk daidai. Sannan ya ƙara da abin da zai kwantar masa da hankali gaba ɗaya:

"Don Allah, Alhaji, kada ka gaya mini lambar sirrin katinka. Ko ni ba ni da hurumin tambayarka. Wasu lambobi ne kawai za su shigo maka ta saƙo yanzu, su za ka karanto mini in kammala gyaran."

A daidai wannan lokaci mai kiran yana ƙoƙarin buɗe manhajar bankin Alhaji a tasa wayar, ko biyan kuɗi da bayanan katinsa. Bankin ya tura lambar OTP ne don ya tabbatar mai asusun ne da kansa ke yin hakan. Da Alhaji ya karanto ta, ya sa hannu ke nan. Lura da dabarar: ɓarawon ya ari gargaɗin da banki ke yi wa jama'a, ya maimaita shi da bakinsa, don a ɗauke shi mai gaskiya.

Haka satar WhatsApp take tafiya. A kira mutum a ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne ko kwamitin masallaci, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo masa lambar shiga mai guda shida, ya karanto don a sa sunansa. Lambar nan ita ce ta rajistar WhatsApp ɗinsa a wata wayar. Minti kaɗan bayan haka saƙo ya fara zagaya 'yan'uwa da abokai da hotonsa da sunansa: "Yaya, don Allah ina cikin wani hali, asusuna ya ƙi aiki, tura wa wannan lambar dubu hamsin, gobe da safe zan mayar maka." Kowace ƙungiya da yake ciki kuma ta zama sabon jerin waɗanda za a kira.

Sauran salon duk 'yan gida ɗaya ne. Akwai saƙon da ke ɗauke da mahaɗar da ake latsawa, mai kai mutum shafin da ya yi kama da na banki ko na hukumar ɗaukar aiki. Akwai alat na bogi, saƙon tes da aka tsara kamar na banki, a nuna wa ɗan kasuwa a ɗauki kaya. Akwai wanda ya yi ƙaurin suna wajen masu amfani da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a Ghana, inda za a turo saƙon ƙarya sannan a kira ana magiya cewa kuskure aka yi aka tura kuɗin, a taimaka a mayar. Akwai soyayyar intanet da ake renonta wata da watanni kafin a fara roƙo. Akwai masu kira cikin dare da sauya murya, su ce su aljanu ne ko malamai da aka nuna musu wani abu game da mutum. Har da abin da ake yar wa a ƙasa: a wani gwaji da aka wallafa a 2016, masu bincike sun zubar da filas 297 a harabar Jami'ar Illinois, kuma kusan rabinsu an ɗauka an soka a kwamfuta an buɗe abin da ke ciki.

Inda ake kama mu

Kuskure ne a ɗauka wawaye ko makwaɗaita kawai ake damfara. Gaskiya kwaɗayi na daga cikin ƙofofin, kuma Bahaushe ya riga ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma ƙofofin da aka fi bi kyawawan halaye ne. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini, a littafinsa na 1984 kan yadda ake shawo kan mutane, ya lissafa abubuwan da ke sa mutum ya amsa da to: biyayya ga mai iko, rama alheri, bin abin da jama'a suka yi, ƙaunar wanda ke magana, tsoron kada dama ta wuce, da son cika maganar da aka fara. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ga tarbiyyarsa a cikin wannan jeri. An koya mana ba a musu da babba, ba a katse wa mutum magana, ba a barin ɗan'uwa cikin matsi, ba a tona asirin wanda ya ce a rufa masa. Ƙaramin ma'aikacin da saƙo ya zo masa da sunan shugaban ma'aikata yana jin nauyin ya kira ya ce, "Yallaɓai, da gaske kai ne?" Matar da aka ce ƙaninta na asibiti tana ganin rashin imani ne ta tsaya bincike. Kunya da kara da zumunci, waɗanda su ne suka riƙe al'umma, su ɗan damfara yake hawa.

Wannan bai tsaya kan talaka ba. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani a Latvia da suna iri ɗaya da Quanta Computer na Taiwan, wanda ke sayar wa Google da Facebook kayan aiki. Ya riƙa aika musu takardun neman biya da kwangiloli da hatimi na jabu, su kuma suna biya, har sama da dala miliyan 100. A 2019 aka yanke masa shekara 5. A 2018, saƙon imel guda ɗaya da ya kai babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac shafin Microsoft na bogi, shi ya buɗe wa Obinwanne Okeke da abokansa hanyar kwashe kusan dala miliyan 11. Kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10 a 2021. Irin wannan harka ce ta kai Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ga ɗaurin wata 135 a 2022. A Satumban 2023 kuma, kira zuwa sashen taimakon ma'aikata na MGM Resorts da sunan wani ma'aikaci ya jawo tsayawar na'urorin otal-otal ɗinsu na Las Vegas na kwanaki, asarar da kamfanin ya ƙiyasta da kusan dala miliyan 100. Duk waɗanda aka yaudara ɗin nan mutane ne masu ilimi, suna cikin aikinsu na yau da kullum, buƙatar ta zo musu da kamar wadda suka saba gani.

Murya da fuska sun daina zama shaida

Da can akwai alamomin da ake gane saƙon damfara da su: Turanci mai gargada, tambari a karkace, murya baƙuwa. Ƙirƙirarriyar basira tana share waɗannan alamomi. A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya samu saƙo da sunan babban jami'in kuɗi na kamfanin da ke Ingila, ana neman ya tura kuɗi a asirce. Ya yi shakka, kamar yadda ya kamata. Sai aka gayyace shi taron bidiyo, ya ga jami'in da wasu abokan aikinsa, fuska da murya duk nasu. Ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25, a tiransifa 15. Duk waɗanda ya gani a taron na'ura ce ta haɗa su.

Darasin wannan labari ya shafi kowa. Mutumin ya nemi tabbaci, amma ya karɓe shi daga hannun wanda yake tuhuma. Mu da muke yawan aika saƙon murya a WhatsApp da wallafa bidiyo a TikTok, mun riga mun ajiye samfurin muryoyinmu a fili. "Ai na ji muryarsa" ba ta isa hujja ba kuma.

Ƙa'ida ta fi wayo

Idan haka ne, dogaro da kaifin basira ba zai fisshe mu ba. Mai wayo ma yana gajiya, yana ruɗewa, yana amsa waya a tsakiyar kasuwa ko a bakin gadon mara lafiya, kuma irin wannan lokaci ake nema. Abin da ke aiki shi ne ƙa'idar da mutum ya kafa wa kansa tun hankalinsa na kwance, wadda ba ta sauyawa komai daɗin bakin mai kira.

Babbar ƙa'ida ita ce tabbatarwa ta wata hanya daban. Duk buƙatar da ta shafi kuɗi ko lamba ko kalmar sirri, a kashe wayar, a nemi mutumin ko hukumar ta hanyar da aka sani tun da: lambar da ke bayan katin ATM, reshen banki, lambar ɗan'uwan da ke ajiye a waya. Ba a kiran lambar da ke cikin saƙon, ba a latsa mahaɗar da ke cikinsa. Lambar da ta bayyana a fuskar waya ma ana iya yi mata jabu, shi ya sa kai ne za ka kira.

Ta biyu, lambar sirrin kati da OTP da lambar rajistar WhatsApp ba su da abokin sani. Bankuna da Babban Bankin Najeriya sun sha sanarwa cewa ba sa neman su ta waya. Saboda haka duk wanda ya nema, ko ya san sunan kakanka, ya riga ya bayyana kansa.

Ta uku, gaggawa da sirri idan suka haɗu a buƙata ɗaya, alamar haɗari ce. "Yanzu-yanzu" da "kada ka gaya wa kowa" su ne kayan aikin da ɗan damfara ba ya iya yi ba tare da su ba, domin minti goma da shawarar mutum ɗaya sun isa su rusa shirinsa. Babu wata harkar gaskiya da jinkirin minti goma zai lalata.

Sai kuma makullan da ke cikin wayar, waɗanda kafa su ba ya cin kuɗi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel, ta yadda ko an sace lambar farko akwai ta biyu. A sa wa layin waya lambar sirri, domin ɓarayin waya sukan cire layin su sa a wata wayar su nemi shiga asusu ta lambobin USSD. Kada kalmar sirri ɗaya ta buɗe komai, kuma kada ta zama shekarar haihuwa. A rage adadin kuɗin da za a iya fitarwa a rana. A tambayi banki lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, a rubuta ta a takarda a gida. Ɗan kasuwa kuma kada ya saki kaya da ganin alat ko hoton rasit, sai ya buɗe manhaja ya ga kuɗin sun zauna.

A cikin iyali, yana da kyau a yi yarjejeniya tun kafin rana ta ɓaci: ba a tura kuɗi saboda saƙon rubutu ko na murya sai an yi magana kai tsaye, kuma akwai wata tambaya ta cikin gida da baƙo ba zai iya amsawa ba. Amfanin yarjejeniyar shi ne tana ɗauke nauyin kunya. Wanda ya kira don ya tabbatar bai zargi kowa ba, abin da aka amince a kai ya bi. Iyaye da kakanni da ba sa karatun boko, waɗanda sukan miƙa wa wani waya ko kati ya taimaka musu, su suka fi buƙatar a zauna da su a yi wannan bayani da Hausa.

Nauyin da ke kan ma'aikatu

A ofis, horar da ma'aikata na da amfani, amma tsarin da ya dogara da cewa babu wanda zai taɓa yin kuskure, tsari ne mai rauni. Dole kuɗi masu yawa su bi ta hannun mutum biyu. Duk saƙon da ya ce an sauya lambar asusun ɗan kwangila, sai an kira shi ta tsohuwar lambarsa. Sashen da ke sabunta wa ma'aikata kalmar sirri ya kasance yana da hanyar tantance mai kira da ta wuce suna da ranar haihuwa. Kowane ma'aikaci a ba shi ikon shiga abin da aikinsa ke buƙata kawai. Shugaba kuma ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa, cewa ko shi ne ya aiko da umarnin biya, a kira shi a tabbatar, kuma ba zai ɗauke shi raini ba. Muddin oga na fushi da wanda ya tambaye shi, ya buɗe ƙofa ga duk mai iya kwaikwayon oga.

Na'ura ma tana da rawar takawa, sai dai ba duk makulli ne ƙarfinsu ɗaya ba. A Satumban 2022 an shiga Uber ne bayan an dami wani ɗan kwangilarsu da saƙonnin neman amincewa a wayarsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya danna amincewa. Google kuwa, da ya raba wa ma'aikatansa sama da 85,000 ƙaramin mabuɗin tsaro da ake sokawa a kwamfuta a 2017, ya sanar a shekarar da ta biyo baya cewa ba a samu nasarar sace asusun aiki na ko ɗaya daga cikinsu ba. Dalili shi ne mabuɗin ba ya aiki a shafin bogi, kuma babu wata lamba da ma'aikaci zai karanto wa wani. Bankuna da kamfanonin waya su ma suna da nasu kason: tsaurara sauya layi, sa ido kan asusun da ake buɗewa don karɓar kuɗin sata, hukunta ma'aikatan da ke fitar da bayanan jama'a, da aika gargaɗi cikin harshen da mai asusun yake ji.

Idan an riga an faɗa

Sa'o'in farko su ne masu daraja, domin kuɗin sata ba sa kwana a asusu ɗaya. A rufe asusu da kati nan take, a sanar da banki a rubuce, a ajiye saƙonni da lambobi da rasit, a sauya kalmomin sirri, a gaya wa 'yan'uwa kada su amsa saƙon da ya zo da sunan mutum. Sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan irin waɗannan laifuka. Idan banki ya yi sakaci da ƙorafi, Babban Banki na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna.

Abin da ya fi hana mutane ɗaukar waɗannan matakai shi ne tsoron a yi musu dariya. Magidanci ya gwammace ya haɗiye asarar da ya ji ana cewa kamarsa aka yi wa haka, ma'aikaci ya ɓoye cewa ya latsa abin da bai kamata ba har sai ɓarnar ta yaɗu. Wannan shiru riba ce ga ɗan damfara, domin dabarar da ba a fallasa ba gobe ma za ta ci wani a layi ɗaya. Gida ko ofis ɗin da ke karɓar wanda aka cuta da jaje da gaggawar taimako, maimakon gori, ya fi saurin jin labari, kuma wanda ya ji labari da wuri shi ke da damar tare kuɗin kafin su bar asusu na biyu.